Na'ura Na Son Ganin Alhaji Rabe da Kansa

A Funtuwa, duk wanda ya san tasha ya san Alhaji Rabe Mai Bas, sai dai ba kowa ne zai iya rantsuwa ya taɓa ganinsa yana yin wani abu da kansa ba. Mutum ne mai kirki, hannunsa a buɗe, motocinsa kullum suna kan hanyar Kano da Kaduna da Abuja. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: Alhaji ba ya zuwa ko'ina, sai dai ya tura wakili. Wakilin nan kuwa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Haladu, wani dattijo mai haƙurin tsiya wanda takalmansa suka san ƙofar kowane ofis a jihar. In ɗaurin aure ne, Haladu. In ta'aziyya ce, Haladu. In an kama mota a hanya, Haladu. Akwai ma lokacin da likita ya ce Alhaji ya riƙa tattaki da safe saboda hawan jini, washegari 'yan tasha suka rantse sun ga Haladu yana zagaya filin ƙwallo yana haki.

To, wannan Alhajin ne ya ba Tasi'u aiki. Tasi'u matashi ne ɗan unguwar Jabiri, ya iya haɗa manhajar waya sosai, amma a unguwarsu ba wanda ya ɗauki abin a bakin sana'a. Sunan da suka sa masa ma mai danne-danne. Mahaifiyarsa, Iya Larai, in an tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, "Yana dai fama," ta sako wani zancen. Wannan magana tana ci wa Tasi'u rai fiye da yadda yake nunawa. Shi ya sa da Alhaji ya ce a yi masa manhajar da fasinja zai zaɓi kujerarsa tun daga gida, a huta da rigimar gidan gaba da ta bakin taga, Tasi'u ya zage ya yi aiki kamar ransa zai fita. Manhaja ta yi kyau, har shi kansa in ya buɗe ta sai ya yi murmushi.

Abu ɗaya ya rage. Manhaja ba ta zuwa wayar mutane sai an saka ta a rumbun da kowa ke sauke manhajoji, kuma masu rumbun ba sa karɓar kayan kowa sai ya buɗe asusu a wurinsu, sun tabbatar da ko shi wane ne. Tasi'u ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi ofishin Alhaji a tasha, ya same shi a hakimce cikin wata ƙatuwar kujera a bakin taga, wadda ba a taɓa ganin wani ya zauna a kanta ba. Haladu yana gefe a kan benci, kamar kullum.

Bayan an gaisa Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya biyu ce. Ina da nawa asusun, zan iya saka ta a ciki ba wahala. Amma gaskiya kamar ka gina gida a filin wani ne. Ko kuma mu buɗe maka naka da sunanka, ta zama taka har abada."

Alhaji ya zabura. "Filin wani? Ni? A'a, Injiniya. Da sunana. Sunana zalla, ko gishiri kar ka sa masa."

"To za su nemi katin shaidarka, sannan su ga fuskarka ta cikin waya, su gwada da hoton da ke katin."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Alhaji. "Haladu zai zo."

Tasi'u ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Da ya san Alhaji da kyau da bai yi ba.

Kafin ma a buɗe asusu Alhaji ya riga ya sa an yi sanarwa a gidan rediyo cewa ranar Asabar ta sama za a ƙaddamar da manhaja a tasha, ana gayyatar kowa da kowa. Aka sayi sa, aka ɗaure shi a gindin dalbejiya. Mafi muni, mai sanarwa ya kama sunan Tasi'u ɓaro-ɓaro, har da "Injiniya" a gaba. Iya Larai tana tankaɗe ta ji, ta ajiye rariya ta shiga gida-gida tana faɗa. Kafin la'asar matan Jabiri sun fitar da anko. Daga nan Tasi'u ya san cewa in Asabar ta zo aka taru, mutane suka duba wayoyinsu ba su ga manhaja ba, to ba shi ba sake bin layin gidansu da rana.

Washegari da safe sai ga Haladu a ɗan shagon Tasi'u. Ya ciro katin Alhaji daga aljihun gaba ya miƙa. Katin ya sha duniya, hoton jiki ya koɗe, wani saurayi ne siriri ba gemu. Tasi'u bai tsaya ƙare masa kallo ba, ya ɗauki hotonsa ya tura. Yana ɗago kai ya ga Haladu ya ja kujera ya zauna a gaban waya, ya gyara zaman hula, ya shafa gemu, ya ƙame.

"Baba Haladu, me ke nan?"

"Ba fuska ka ce za a gani ba? Ga ta."

Tasi'u ya danne dariya ya ce, "Baba, wannan fa ba ɗaurin aure ba ne da za a ce wakili ya karɓa. Na'ura ce. Ba ta san ƙane ba, ba ta san kara ba. Mai katin take son gani."

"Ai shi ya sa na ce, ɗana, da ka bari na…"

"Ba a gwaji da ita, Baba. In ta ga wata fuska daban, za ta ce an zo yi mata wayo, ta rufe mu. Ka yi haƙuri, wannan karon sai Alhaji da kansa."

Haladu ya buɗe baki zai sake magana, Tasi'u ya tare shi da wani dogon bayani a kan yadda na'ura ke auna tsakanin ido da ido da tsawon hanci. Shi Tasi'u in ya fara irin wannan bayani ba birki gare shi ba. Haladu ya saurara har ƙarshe, ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya fita abinsa.

Da saƙo ya isa wurin Alhaji sai ya cika ya yi fam. Ya sa aka kira Tasi'u a waya.

"Injiniya, na ji wai ka koro min Haladu."

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne, na'ura ce ke son ganinka da kanka."

"Ita wace ce? 'Yar gidan wa? Shugaban ƙaramar hukuma ya karɓi Haladu. Manajan banki ya karɓi Haladu. Surukaina ma Haladu suka gani, suka ba ni 'yarsu. Sai wata aba da ake cusa wa caji ce za ta ce bai isa ba?"

Tasi'u ya yi ta ba da haƙuri. Da rana sai ga Haladu ya dawo a bayan ɗan acaɓa, rungume da wani ƙaton hoto mai gilashi da ya ciro daga bangon falon Alhaji, wanda aka ɗauka shekarar da ya sauke farali.

"Yaya ya ce ga shi nan da kansa."

Tasi'u ya dafe kai. "Baba, sai fa ya ƙifta ido."

Haladu ya juya hoton ya dube shi da kyau, ya ce, "Gaskiya wannan ba zai ƙifta ba." Ya sake rungumar abinsa ya hau acaɓa.

Kwanaki suna tafiya, san ƙaddamarwa yana ta ƙiba a gindin dalbejiya, Tasi'u kuwa yana ramewa. Ga shi ko an buɗe asusun, sai masu rumbun sun ɗauki 'yan kwanaki suna duba manhajar kafin su sake ta. Iya Larai kullum sai ta tambaye shi ko ɗinkin ankonta ya yi, shi kuwa ko abinci ba ya iya ci sosai. Tsoro ya kama shi na gaske. Can dai dabara ta faɗo masa. Ya saka rigarsa mai kyau ya je tasha, ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ashe ni ne ban iya isar da saƙo ba. Ba kai za ka je wurinta ba. Ita ce take neman izini ta zo ta gaishe ka har ofis."

Alhaji ya jujjuya carbi. Fuskarsa ta ɗan saki. "To, ko kai fa. In gaisuwa ce ba a hana baƙo. Ta zo gobe da hantsi."

Labari ya zaga tasha cewa gobe Alhaji zai yi abu da kansa. Hantsi bai gama dubawa ba direbobi da 'yan kamasho suka cika bakin ƙofa da taga, har da mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Alhaji ya iso cikin babbar riga ta shadda tana ɗaukar ido, ga hula, ga baƙin tabarau, turare kuwa tun daga bakin tasha ake jin sa. Ya zauna a kujerarsa ya ce, "Ina baƙuwar?"

Tasi'u ya ɗaga waya daidai fuskar Alhaji. Ya karanta abin da ta rubuto. "Ranka ya daɗe, ta ce a cire tabarau."

Alhaji ya cire.

"Ta ce har hula."

Yawancin mutanen da ke wurin ba su taɓa ganin kan Alhaji ba. Ya harari wayar, ya cire hular a hankali ya miƙa wa Haladu, sanƙo ya bayyana yana ƙyalli. Wani direba ya yi tari ya juya baya.

"Ta ce ka juya dama. Yawwa. Hagu kuma. Ka ƙifta ido. Ka yi murmushi."

"Tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya taɓa juya ni haka," in ji Alhaji ta cikin haƙora, yana wani murmushi mai kama da na mai ciwon haƙori.

Waya ta yi ɗan tunani, sai ta kawo ja. Wai fuskar ba ta yi daidai da ta katin ba.

Tasi'u ya ƙura wa wayar ido. Ya ce wataƙila haske ne, ya ɗage labule, ya goge idon wayar da gefen rigarsa. Aka sake: dama, hagu, ƙifta ido, murmushi. Ta sake kawo ja, wannan karon har da gargaɗi cewa in aka ƙara kuskurewa za a rufe asusun sai an yi bincike. Binciken nan kuwa Tasi'u ya san ba ya ƙarewa kafin Asabar, ko Asabar ɗin bayanta. Ya ga matan Jabiri a idonsa, sun jeru cikin anko, kowace riƙe da waya tana nema ba ta gani ba.

Alhaji ya murtuke fuska. "Wato ta zo har ofishina, ta tuɓe min hula a gaban yarana, sannan ta ce ba ni ba ne?"

Tasi'u ya ɗauko katin ya kai shi kusa da ido, ya dubi hoton, ya dubi Alhaji. "Ranka ya daɗe, ka yi min afuwa. Hoton nan tun yaushe aka ɗauke ka? Ko ka yi wata rashin lafiya a lokacin? Na ga kunnuwan ma kamar ba…"

"Wane hoto?"

"Na jikin katin."

"Oho," in ji Alhaji, ya karɓi hularsa yana mayarwa. "Tambayi Haladu, shi ya je."

Tasi'u ya juya a hankali ya dubi benci. Haladu yana zaune ya harɗe hannuwa, kunnuwan nan na jikin kati suna nan a kansa, ɗaya a kowane gefe, ba abin da ya taɓa su.

"Baba Haladu… kai ka je?"

"To wa zai je? Layi ne tun daga bakin ofis har titi, ga rana. Yaya ya ce in je in yi masa. Aka tambaye ni suna, na faɗi na Yaya, tunda shi ya aike ni. Aka ce in dubi nan, na duba. Aka ce in dangwala yatsa, na dangwala."

"To kai ina naka katin?"

"Na koma daga baya in yi nawa, na'urarsu ta ce ai na riga na yi."

Mai shayi ne ya fara fashewa da dariya, sai tasha ta ɗauka gaba ɗaya. Tasi'u kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuna ranar farko, dattijon nan ya zauna a gaban waya ya gyara hula, shi kuma ya tashe shi da bayanin tsawon hanci.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ɗauko zan faɗa, ɗana. Ka ce na'ura ba ta san ƙane ba."

Alhaji kuwa sai ya ware, ya ji ya yi nasara. Ya nuna Tasi'u da carbi ya ce wa mutanen ƙofa, "Kun gani ko? Tun farko na tura masa mutumin da ya dace, ya koro min shi. Yaran zamani ke nan, sai sun wahalar da manya. Haladu, tashi ka sallami baƙuwar nan."

Saura dama ɗaya tak, don haka Tasi'u bai yarda a yi ta a kan benci cikin duhu ba. Duk ofishin ba inda haske ya kai bakin taga, a bakin tagar kuwa kujerar Alhaji ce. Ya rasa ta yadda zai faɗa, ya yi ta kallon kujerar yana kallon Alhaji. Da Alhaji ya gane, ya yi tsaki ya tattara babbar rigarsa ya miƙe tsaye. Haladu ya matso ya zauna a ɗofane, sai kujerar ta haɗiye shi, ya lume a ciki har ya saki wata ajiyar zuciya.

Ba sai an gaya masa ba. Ya cire hula, ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙifta ido, ya yi murmushi mai kyau irin na wanda ya saba shiga ofisoshi. Tasi'u ya riƙe numfashi yana addu'a a zuci.

Waya ta kawo kore.

Tasi'u ya karanta da ƙarfi cikin murna: "An tabbatar. Barka da zuwa, Alhaji Rabe."

Tasha ta kaure da tafi da kabbara, wani direba ya ruga ya danna hon. Nan take Tasi'u ya buɗe kwamfuta a kan gwiwarsa ya tura manhajar don su duba, bai ɗago ba sai da ya ga ta shige. Daɗi ya cika shi har yana jin ƙwalla. Asabar za ta zo ta same shi da mutuncinsa, Iya Larai kuma ta samu amsar da za ta riƙa bayarwa.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Amma ranka ya daɗe, bayan taro dole a gyara katin nan. Ba daidai ba ne a bar shi haka. Sai ka je ofishinsu an ɗauki naka hoton."

"Ba damuwa," in ji Alhaji. "Haladu zai je."

Aka sake kwashewa da dariya. Alhaji bai ga abin dariya ba. Yana nan tsaye a tsakiyar ofis yana jiran a ba shi kujerarsa, Haladu kuwa bai nuna alamar tashi ba, har ya fara shafa hannun kujerar yana duba laushinta. Can sai wani tunani ya zo wa Alhaji, ya haɗa gira.

"Tsaya tukuna, Injiniya. Yanzu a wurin masu rumbun nan, manhajar ta wace ce?"

"Ta Alhaji Rabe ce, ranka ya daɗe. Sunanka zalla, kamar yadda ka ce."

"To su a wurinsu, wane ne Alhaji Raben?"

Idon Tasi'u ya ci amanarsa, ya tafi kan kujera.

Alhaji ya dubi ƙanensa sama da ƙasa, ya buga ƙafa a ƙasa. "Ikon Allah! To in shi ne Alhaji Rabe, ni kuma wane ne?"

Haladu ya jingina da kyau, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ya gyara zaman hula.

"Wakilina mana, Yaya. Ranar Asabar kai za ka je taron, ka gaishe min da mutane."